Hugh Clapperton (1788–1827): Hafsan Sojan Ruwa a Fadar Sarkin Musulmi Bello

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci tarihin Daular Usmaniyya ya san sunan Hugh Clapperton, Baturen da ya iso Sakkwato a 1824, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdullahi. Galibi akan ambace shi a matsayin matafiyi mai neman mafitar Kogin Kwara, a tsaya nan. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa mutumin nan, tun daga ƙuruciyarsa har zuwa mutuwarsa, hafsan sojan ruwan Birtaniya ne na zamanin jiragen da iska ke turawa. Wannan aiki ne ya kawo shi ƙasar Hausa, shi ne ya tsara irin abin da ya rubuta, shi ne kuma ya jawo rashin jituwar da ta shiga tsakaninsa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello daga baya.

2.0 Tasowarsa a Teku

An haifi Clapperton a garin Annan na ƙasar Sikotilan a 1788. Mahaifinsa likita ne mai 'ya'ya da yawa. Yana ɗan shekara 13 aka sa shi koyon aiki a wani jirgin fatake da ke zirga-zirga tsakanin Liverpool da Amurka ta Arewa. A wancan zamani Birtaniya na fama da yaƙin Napoliyon, kuma doka ta ba rundunar ruwa damar kama matuƙan jiragen fatake ta sa su aikin soja ala tilas. Ta wannan ƙofa ce Clapperton ya shiga rundunar.

Jirgin yaƙi na wannan zamani ba shi da inji. Manyan filafilai na ƙyalle ake ɗaurawa a jikin dogayen itatuwa, iska ta tura su, ɗaruruwan mutane kuma su yi ta ja da sassauta igiyoyi dare da rana. Saboda haka ba a sayen muƙami da kuɗi a rundunar ruwa, saɓanin rundunar ƙasa inda mai hali kan sayi muƙaminsa. Kafin yaro ya zama laftana sai ya yi shekara 6 a teku, sannan ya ci jarrabawa a gaban manyan kyaftin-kyaftin. Dole ya iya auna tsayin rana da taurari don gane inda jirgi yake, ya iya zana taswirar gaɓar teku, ya kuma riƙa rubuta abin da ya faru kullum a kundin jirgi. Daga laftana zuwa sama kuwa, abin ya fi dogara ga samun uban gida ko yin wata bajinta da za ta kai kunnen manya.

Clapperton ya samu shiga sahun ƙananan hafsoshi masu koyon aiki. Ya halarci yaƙin ƙwace tsibirin Morishus daga hannun Faransa a 1810. A 1814 aka tura shi manyan tafkunan Kanada, inda Birtaniya ke yaƙi da Amurka. A can ya kai muƙamin laftana, aka kuma ba shi jagorancin wani ƙaramin jirgi.

3.0 Zaman Lafiya da Rabin Albashi

Abin da yaƙi ya ba shi, zaman lafiya ya karɓe. A tsakiyar yaƙin, rundunar ruwa na da mutum kimanin 140,000. Zuwa 1817 ba su wuce kimanin 20,000 ba. A wannan shekara ce kuma Birtaniya da Amurka suka yi yarjejeniyar rage jiragen yaƙi a tafkunan Kanada. Aka sallamo Clapperton gida a kan rabin albashi, yana ɗan shekara 29, ba jirgi, ba uban gida. Dubban hafsoshi ne suka shiga wannan hali.

John Barrow, sakatare na biyu a Hukumar Sojan Ruwa, shi ne ya buɗe wa irin waɗannan hafsoshi wata hanya, wato tafiye-tafiyen binciken ƙasa. Ta haka aka tura Tuckey Kogin Kwango a 1816, aka tura Ross da Parry ƙanƙarar Arewa a 1818, Franklin kuma a 1819. Wanda ya dawo da rai yana iya samun ƙarin girma. Don haka da Dokta Walter Oudney, wanda shi ma tsohon likitan sojan ruwa ne, ya nemi Clapperton a Edinbara ya raka shi Borno, bai yi wata-wata ba.

4.0 Tafiya ta Farko, 1822–1825

Tawagar ta tashi daga Tarabulus a 1822, tare da Manjo Dixon Denham na rundunar ƙasa. Sun ƙetare Sahara ta Murzuk, suka isa Kukawa a Fabrairun 1823, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya sauke su. Oudney ya rasu kusa da Katagum a Janairun 1824, Clapperton ya ci gaba shi kaɗai, ya shiga Kano ranar 20 ga wannan wata. Ya rubuta cewa ya caɓa ado da kayan sarkinsa na sojan ruwa, amma Kanawa suna cikin hidimar kasuwarsu, babu wanda ya waiwaye shi.

A bayaninsa na Kano ana ganin hannun mai cika kundin jirgi. Ya ƙiyasta kewayen ganuwa da mil 15, ya ƙirga ƙofofi 15, ya ƙiyasta mazauna tsakanin 30,000 da 40,000, ya kawo farashin kaya, har da lemar Ingila da ya saya a kasuwa. Inda ake bukatar awo da ƙidaya, shaidarsa na da ƙarfi. Inda ake bukatar fahimtar fiƙihu ko manufofin jihadi kuwa, tana da rauni, domin ba a horar da shi a kan wannan ba. Wajibi ne mai nazari ya bambance waɗannan biyu.

A Sakkwato, inda ya isa a watan Maris, Waziri Gidado ɗan Laima ne mai masaukinsa. Bello ya duba na'urorinsa na awon taurari, ya kira buruji da sunayensu na Larabci, ya kuma yi masa tambayoyi a kan ɗariƙun Kirista waɗanda Clapperton ya amsa cewa sun fi ƙarfinsa. Saƙon da ya kawo kuwa saƙon sojan ruwa ne. Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807, jiragenta na sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma tun 1808, tana son Bello ya hana kai bayi bakin teku, ita kuma ta buɗe ciniki da shi ta ruwa. Bello ya nemi a aiko masa da jakada da likita, ya rubuta wasiƙa ga Sarki Joji na IV. Da Clapperton ya koma Ingila a 1825 aka ɗaga shi zuwa kwamanda.

5.0 Tafiya ta Biyu da Mutuwarsa

Cikin watanni kaɗan aka sake turo shi, a wannan karo ta teku, a jirgin yaƙi mai suna Brazen. Garuruwan da ya fahimci cewa wakilan Bello za su tarye shi, wato Fanda da Raka, ashe ba a bakin teku suke ba. Sai ya sauka Badagiri, ya kama hanya daga can a Disamban 1825. Kafin watan ya ƙare, abokan tafiyarsa biyu, Kyaftin Pearce da Dokta Morrison, sun mutu. Ya bi ta tsohuwar Oyo da Busa, ya iso Kano a Yulin 1826. Tafintansa wani Bahaushe ne mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko, shi ma ya taɓa aiki a jiragen yaƙin Birtaniya.

Ya tarar yaƙi ya tashi tsakanin Sakkwato da Borno, alhali yana ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka, ciki har da makamai, zuwa ga al-Kanemi. Bello ya karɓe su. A ganin Clapperton, wanda ya saba da cika umarnin da aka rubuta masa ba ƙari ba ragi, wannan cin amana ne. A ganin Bello kuwa, babu sarkin da zai bar baƙo ya kai wa abokin gaba makami ta cikin ƙasarsa. Kowannensu na bisa ƙa'idar aikinsa. Clapperton ya kwanta ciwo, ya mutu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu, 1827, yana da shekara 38. Baransa Richard Lander ya binne shi, ya mayar da takardunsa Ingila, shi ne kuma ya bi Kwara har teku a 1830.

6.0 Kammalawa

Masu nazarin harsuna na da rabo a abin da ya bari. Littafin tafiya ta farko, na 1826, ya ƙunshi fassarar Turanci ta wani yanki na Infaƙul Maisuri na Bello, da taswirar da aka zana masa a Sakkwato. Na biyu, na 1829, ya ƙunshi jerin kalmomin Yarbanci da na Fillanci. Duk wanda zai yi amfani da waɗannan kalmomi da sunayen garuruwa sai ya tuna cewa kunnen Basikotile ne ya ji su, sau da yawa ta bakin tafinta, ya rubuta su da ƙa'idar rubutun Turanci.

Wata 6 bayan mutuwarsa aka yi yaƙin Nabarino a tekun Girka, wanda shi ne babban yaƙin ruwa na ƙarshe da aka yi da jiragen filafilai zalla. A 1832 jirage masu tururi suka shiga Kwara ta bakin teku. Hanyar da Clapperton ya mutu yana nema, wani irin jirgi ne daban ya bi ta.