'Yantumaki: tarihin kiwo a cikin sunayen garuruwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Ƙanƙara ta nufi Dutsin-Ma, sai ya ratsa wani gari na Ƙaramar Hukumar Ɗanmusa mai suna 'Yantumaki. A bakin Bahaushe, "'yan tumaki" su ne masu kiwon tumaki ko fataucinsu, kamar yadda 'Yan Awaki ta birnin Kano ta samo sunanta daga masu sana'ar awaki. Ashe sunan garin shaida ne cewa dabba ce ta fara tara mutane a wurin.

Irin wannan shaida tana warwatse a yankin. Zango ta Ƙanƙara tana ɗauke da sunan masaukin fatake da dabbobinsu. Kowace "Rugar wane" a Faskari da Sabuwa tana tuna makiyayin da ya fara kafa turke a can.

Sai dai suna yakan ɓata a alƙalamin baƙo. A ƙasar Ayilan, ma'aikatan safiyon Birtaniya sun zana taswirar ƙasar daga 1824 zuwa 1846, suka tsayar da sunayen garuruwa bisa ƙa'idar rubutun Ingilishi. Wata unguwa kusa da Dabilin, wadda a harshen ƙasar ake kira Gleann na gCaorach, wato kwarin tumaki, a yau Glenageary ake rubuta ta, tumakin sun ɓace daga kunnen mai ji. Mu ma haka ne: taswira takan rubuta Kankara ba lanƙwasa. Ruwan Godiya ta Faskari kuwa, harafi ɗaya ne ke raba ma'anarta biyu: godiya ta yabo, ko goɗiya macen doki.

Yau barazanar ta wuce ta rubutu. A 2020 'yan bindiga suka kashe hakimin 'Yantumaki. A 2021 gwamnatin Katsina ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, har da Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗanmusa. Ƙauyuka da rugage da dama sun watse, dattawan da suka san dalilin kowane suna sun yi hijira zuwa Funtuwa da Katsina. Suna nan da ransu, ana iya zama da su a rubuta abin da suka riƙe, da lanƙwasarsa daidai.