Gemu da Littafi: Nazari kan Lafiyar Ƙwaƙwalwar Manya Masu Ƙaro Karatu

Gemu ba ya hana ilimi, in ji Bahaushe, kuma tarihi ya gaskata shi. Tun daga 'yan taru na Nana Asma'u, lokacin da jagororinsu mata, waɗanda ake kira jaji, ke bin ƙauyuka suna karantar da matan aure a ƙarni na 19, zuwa yaƙi da jahilci na shekarun 1950, har zuwa Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980, ba a ɗauki girma shamaki tsakanin mutum da littafi ba. Sai dai gemun ba shi kaɗai yake zuwa aji ba. Yana zuwa da iyali da cefane, da aikin ofis ko kasuwa, da iyayen da suka manyanta, da jikin da ya daina jure kwana biyu ba barci. Wannan nazari yana duba abin da haɗuwar waɗannan da karatu ke yi wa lafiyar ƙwaƙwalwa.

Masu komawa aji bayan shekaru sanannu ne a kowace unguwa. Akwai malamin firamare da ke neman takardar NCE, domin ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya. Irinsa ne suka daɗe suna cika cibiyoyin NTI, hukumar horar da malamai da aka kafa a Kaduna a 1976. Akwai ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya tsaya cik a mataki ɗaya saboda rashin digiri, da nas, da ɗan sanda, da matar da aka aurar tana gama sakandare, ta jira sai da yara suka tasa. Wasu na zuwa jami'ar karatu daga gida, NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a zamanin Obasanjo. Wasu na bin karatun ƙarshen mako ko na dogon hutu a jami'o'i da kwalejojin ilimi. Abin da ya haɗa su shi ne sun ƙara karatu a kan rayuwar da dama a cike take, ba tare da an rage musu komai ba.

Wani masanin ilimin manya a Jami'ar Michigan ta Amurka, Howard McClusky, ya bayyana wannan hali tun a 1963. A ganinsa, kowane baligi yana rayuwa tsakanin abu biyu: nauyin da ke kansa da ƙarfin da yake da shi na ɗauka. Nauyi ya haɗa da na waje, kamar aiki da iyali, da na ciki, kamar burin da mutum ya ɗora wa kansa. Ƙarfi kuwa ya haɗa da lafiya, da kuɗi, da basira, da mutanen da ke tallafa masa. Rarar da ke tsakaninsu ita ce abin da mutum ke kashewa wajen koyon sabon abu da kuma tarar masifar da ta zo ba zato. Amfanin wannan ra'ayi shi ne ya kawar da tambayar daga kan halin ɗalibi, ko rago ne ko mai himma, ya mayar da ita kan lissafi: wanda ya shiga karatu ba rara zai biya kuɗin daga wani wuri, kuma galibi daga barcinsa da natsuwarsa yake biya.

Nauyin kuɗi ya fi fitowa fili. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya ninka, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, kuma mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin shekarar naira 70,000 ne. Ɗan shekara 19 idan kuɗin makaranta ya gagara, mahaifinsa ne ke kwana da tunani. Magidanci kuwa shi ne mahaifin. Duk lokacin da ya biya kuɗin rajista ya san abin da ya fasa saye: buhun masara, ko kuɗin makarantar ɗansa, ko maganin hawan jinin mahaifiyarsa. Wannan jin cewa ya ci haƙƙin iyali shi ne ke bin sa har teburin karatu.

Nauyin da ke kan mata ya fi wannan zurfi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Masu bincike biyu, Greenhaus da Beutell, sun nuna a 1985 cewa matsayi biyu na rayuwar mutum na iya karo da juna ta fuskar lokaci, da ta fuskar gajiyar da ɗaya ke zubawa cikin ɗaya, da ta fuskar halin da kowanne ke buƙata. Matar aure mai karatu tana fuskantar dukkan ukun a rana guda. Ranar girkinta ba ta ɗaguwa don ta dace da ranar jarabawa. Idan ta dawo daga lacca da yamma tukunya na jiran ta, kuma lokacin da ya rage mata na karatu shi ne bayan kowa ya kwanta ko kafin asuba. A aji ana son ta yi jayayya da hujja, ta ɗaga murya. A gidan surukai ana son ta sunkuyar da kai. Ga biki da suna da gaisuwar rasuwa, waɗanda rashin halartarsu ke jawo maganar da ta fi faɗuwa jarabawa ciwo: wai boko ya ɗauke mata kai. Sau da yawa izinin karatun da maigida ya bayar yana ɗauke da sharaɗin da ba a furta ba, cewa kada komai ya canza a gida. Sharaɗi ne da ba mai iya cika shi, kuma matar da ta kasa cikawa kanta take tuhuma.

Akwai kuma nauyin da ke cikin zuciya. Mutumin da ake rusuna wa a ofis yana zama a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa, yana kallon yadda suke sarrafa kwamfuta shi kuwa yana laluben haruffa, alhali jinga da wasu jarabawoyin ta intanet ake yin su. Tambayar da ya kamata ya yi sai ya haɗiye ta don kunya. Pauline Clance da Suzanne Imes sun bayyana irin wannan ji a 1978: mutum ya cancanci wurin da yake, amma yana ganin sa'a ce ta kai shi kuma wata rana asirinsa zai tonu. Babba ya fi yaro tsoron faɗuwa, domin 'ya'yansa na kallo, abokan aiki sun sani, kuma akwai wanda tun farko ya ce masa, "Wa ya aike ka?"

Makarantu ma na ƙara nasu. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya ɗauki kusan wata tara, na 2022 kuma wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ga wanda ya karɓi hutun ƙaro karatu mai wa'adi, ko ya ci bashi da lissafin ƙarin girma bayan shekara uku, wannan jinkiri ya wuce ɓata lokaci. Haka sakamakon da ya ɓace, da lacca da aka ɗage bayan mutum ya biya kuɗin mota daga wani gari, da malamin da ke riƙe kundin ɗalibi wata da watanni. Binciken ilimin halayya ya daɗe da nuna cewa matsin da mutum ba shi da iko a kansa, bai kuma san ƙarshensa ba, ya fi matsi mai tsanani da aka san iyakarsa lahani.

Yadda abin ke bayyana shi ne inda aka fi yin kuskure. Da wuya magidanci ya ce yana cikin damuwa. Zai ce kansa na sarawa, ƙirjinsa ya yi nauyi, jikinsa ya mutu, yana karanta shafi sau uku ba abin da ya zauna. Sai ya nufi kemis a ba shi maganin maleriya, idan bai ji sauƙi ba a ƙara masa na taifot. Kafin jarabawa kuma ya dogara da goro da kofi da lemon ƙara kuzari don ya raba dare, alhali a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Wanda ya sayar da barci don karatu ya yi asarar duka biyun. Wasu kan wuce nan zuwa taramol ko maganin barci. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar da haɗin gwiwar gwamnati ya gano cewa kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a cikin shekara guda, kuma kuskure ne a ɗauka dukkansu zauna-gari-banza ne.

Dole a bambance gajiya da ciwo. Gajiyar zangon karatu tana wucewa idan aka huta. Ciwon damuwa kuwa likitoci na gane shi ne idan ƙuncin rai ko rashin sha'awar abin da mutum ya saba so ya ɗauki aƙalla mako biyu kusan kullum, tare da rikicewar barci ko cin abinci, da kasa tattara hankali, da jin cewa shi ba komai ba ne. Idan har tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, wannan na gaggawa ne, ba a jiran a gama jarabawa. Ciwo ne da ke warkewa da magani da tattaunawa da ƙwararre.

Samun ƙwararren ne aiki. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha bayyana cewa mambobinta da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2006, ya gano cewa ko cikin masu ciwo mai tsanani, waɗanda suka sami kulawa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba ta goge tsangwama. Sunayen asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Barnawa da Kware har yau suna sa mutum ya ja da baya, musamman ma'aikacin da ke tsoron maganar ta kai ofis. Ga irin wannan, sashen masu jinyar waje na asibitin koyarwa ko babban asibiti ƙofa ce mai sauƙin shiga.

Addu'a da tawakkali da haƙuri suna cikin ƙarfin da McClusky ke magana a kai, kuma mai imani ya san natsuwar da ke cikinsu. Abin da nake ƙi shi ne a mai da "yi haƙuri" hanyar rufe bakin mai kuka. Malamin da aka kai wa ƙorafin rashin barci na wata guda, idan ya yi addu'a ya kuma ce a ga likita, ya cika nasihar.

A ganina, yawancin shawarwarin da ake ba manyan ɗalibai sun karkata ga ƙara himma: tashi da wuri, tsara jadawali, daure. Lissafin rara yana nuna cewa rage nauyi ya fi gaggawa, kuma ba a yin sa a ɓoye. Kafin a biya kuɗin rajista ya kamata a zauna da maigida ko uwargida, da manyan yara, wani lokaci har da surukai, a faɗi abin da zai canza: wa zai yi girki a makon jarabawa, wane biki za a aika wakili, wace hidima za a jinkirta. Izinin da ba a haɗa shi da rabon aiki ba rabin izini ne. Haka a wurin aiki, gara shugaba ya san jadawalin tun farko da a riƙa satar fita ana fargaba. Inda tsarin makaranta ya yarda, ɗaukar kwasa-kwasai kaɗan a zango ko neman ɗage zango a hukumance ya fi a tara faɗuwa. Digirin da ya ɗauki shekara shida maimakon huɗu bai rage daraja ba. Ƙaramin rukunin karatu na sa'o'i, mutum uku ko huɗu, yana rage kunyar tambaya, kuma su ne za su fara lura idan ɗayansu ya daina zuwa.

Makarantu su ma akwai abin da ke wuyansu. Shirye-shiryen ƙarshen mako da na nesa suna kawo musu kuɗin shiga, amma ofisoshin ba da shawara da asibitocin makaranta galibi an tsara su ne don ɗaliban ranakun aiki. Buɗe ofishin shawara ranar Asabar, da fitar da jadawalin jarabawa da wuri, da sanya wa'adin da malami zai mayar da kundi, ba su buƙatar babban kasafi. Akwai gajeriyar takardar tambayoyi tara, PHQ-9, da ma'aikacin lafiya zai iya tantance alamun ciwon damuwa da ita cikin 'yan mintoci, sannan shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 an yi shi ne don horar da nas-nas da ƙananan ma'aikatan lafiya su kula da irin waɗannan matsaloli inda babu likitan ƙwaƙwalwa. Cibiyar karatu da ke tara ɗaruruwan magidanta da matan aure kowane ƙarshen mako za ta iya horar da mutum ɗaya a kan wannan, ta kuma sanar da ɗalibai sunansa da ofishinsa tun ranar rajista.