Tsargiya da Ma'aunin Yamai

Muna yara, in yaro ya fara fitsarin jini ba a cewa ba shi da lafiya, sai dai a tsokane shi a ce ya zama namiji. Ni ma na yi, har da alfahari. Ban san tsutsa ce take fitowa daga katantanwar tafkin da muke wanka ta huda fata ta shige ba.

Tun 1851 likitan Jamus Theodor Bilharz ya gano wannan tsutsa a Alƙahira, amma a cikin gawa ya gan ta. A 1910 kuma Marc Armand Ruffer ya sami ƙwayayenta a ƙodar gawarwakin mutanen Masar na zamanin Fir'auna. Wato dai an daɗe matattu ne ke ba da labarin cutar. Mai rai kuwa, madubin likita yana nuna ƙwai a fitsarinsa, amma bai faɗin irin ɓarnar da aka yi a ciki.

Hoton ƙashi da Röntgen ya gano a 1895 ya taimaka, sai dai da latti yake zuwa. Mafitsara ba ta fitowa sosai sai matattun ƙwai sun taru bangonta ya sandare. Ihu bayan hari ke nan.

Abin da ya canza lissafi shi ne na'urar hoton ciki mai aiki da amon sauti, wadda mu a Nijar muke kira ekogarafi. A shekarun 1980 aka fara ɗaukarta a mota da janareto zuwa ƙauyuka. Yaro ya sha ruwa mafitsara ta cika, a shafa masa mai a mara, nan take a ga kaurin bango da kumburin ƙoda. Matsalar ita ce kowane likita da nasa awo, abin da wannan ya kira mai tsanani wancan ya ce da sauƙi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara masana a Alƙahira a 1990, sannan a Yamai a watan Oktoba 1996. A zaman Yamai aka tsayar da ma'auni ɗaya, har da hotunan hanta da aka jera daga A zuwa F gwargwadon lalacewarta. Masu bincike a ƙasashe da dama suna kiransa da sunan babban birninmu, alhali a lakwal ko sau ɗaya ba a taɓa ambata mana shi ba.

Ni sai da na haura arba'in aka ɗora min na'urar. Likitan ya daɗe yana kallon allo, sannan ya tambaye ni ko kusa da ruwa na tashi.