Argungu da Fadamar Gulbin Kabi: Jiya da Yau

Gabatarwa

Da zarar an ambaci Argungu, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne bikin kamun kifi. Alhali kuwa bikin nan ɗan baya-bayan nan ne in an gwada shi da tarihin ƙasar. Manufata a cikin wannan 'yar maƙala ita ce in nuna cewa mulkin Kabawa, da arzikinsu, da abubuwan da baƙi ke zuwa kallo a wurinsu, duk abu guda ne ya haife su, watau fadamar Gulbin Kabi.

Garin Argungu yana cikin Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a shekarar 1991. Jihar ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar da kuma Jamhuriyar Benin. Gulbin da ake magana a kai shi ne wanda ya samu bayan Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato sun haɗu. Ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi, ya karɓi ruwan Gulbin Zamfara, sa'an nan ya faɗa cikin Kogin Kwara. Kowace damina yakan cika ya malala, ya bar laka mai taki a kan fili mai faɗin gaske. Wannan fili shi ne fadama.

Daga Surame zuwa Argungu

Masana tarihi sun nuna cewa Muhammadu Kanta ne ya kafa daular Kabi wajen shekarar 1516. Da farko yana tare da Askiya Muhammadu na Sanwai, har ya raka shi yaƙin Agadas. Da aka zo rabon ganima sai suka saɓa, Kanta ya ɓalle, rundunar Sanwai kuma ta kasa mayar da shi ƙarƙashinta. Ya gina birninsa a Surame, ya kewaye shi da ganuwar duwatsu wadda kufanta ke nan har yau a cikin Jihar Sakkwato. Daga baya Sarkin Barno ma ya kawo masa yaƙi har gida, ya koma bai ci birnin ba.

To, me ya ba wannan daula ƙarfin tsayuwa tsakanin manyan dauloli biyu? Jaruntaka dai akwai ta, amma jarumi ba ya yaƙi da yunwa a ciki. Fadama ta ba Kabawa shinkafa da kifi da makiyaya, ta kuma zame musu katanga, domin da damina doki ba ya ratsa ta, sai mai jirgi wanda ya san hanyoyin ruwa.

Wajen farkon ƙarni na 18 aka mayar da gadon sarauta Birnin Kebbi. A shekarar 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. Wasu Kabawa suka yi mubaya'a, wasu suka ƙi. Sama'ila Karari ya kafa sansani a Argungu ya ci gaba da faɗa, har aka kashe shi a 1831. Aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, ya yi shekaru masu yawa a can. A 1849 Nabame ya ɗaga tutar tawaye, mutanen Arewa da Dandi da Zabarma suka mara masa baya, Argungu ta zama sabuwar hedkwatar Kabi. Tun daga nan sai yaƙi ya ƙi ƙarewa tsakaninta da Sakkwato da Gwandu, in ban da ɗan sulhun da aka ƙulla a 1867 zamanin Sarki Abdullahi Toga, wanda ake kira Lafiyar Toga. Abin lura a nan shi ne, tsakanin Argungu da Sakkwato tafiyar kilomita 100 ce ko kusa da haka, amma duk da wannan kusanci ba a ci garin da yaƙi ba tun daga tawayen Nabame har Turawa suka zo.

Yadda Iyaka ta Raba Ƙasar

Turawan Ingila sun iso Argungu a 1902, zamanin Sarki Sama'ila ɗan Yakubu Nabame, suka shiga ba tare da faɗa ba. Sai dai kafin nan, a 1898, Ingila da Faransa sun riga sun zauna sun ja layi a kan takarda. Suka sake gyara layin a 1904 da 1906 don Faransa ta sami hanya mai rijiyoyi daga Kogin Kwara zuwa Tafkin Chadi. Sakamakon haka Dogon Dutsi da Doso da Gaya suka faɗa hannun Faransa, Argungu da Kangiwa da Kamba suka tsaya a hannun Ingila. Ƙawayen da suka yi rabin ƙarni suna yaƙi kafaɗa da kafaɗa suka wayi gari a ƙasashe daban-daban.

Wannan rabuwa ta taɓa aljihu. Tun da can fatake ke bi ta ƙasar Kabi da Dandi zuwa Gwanja sayen goro, su tsallake Kwara da jirgin fito. Gishirin Foga kuma, wanda ake dafawa a kwarin Foga cikin Nijar ta yau, ta nan yake shigowa kasuwanninmu. Layin Turawa bai hana auratayya da cin kasuwa ba, amma ya sa hanyar da kakanni suka bi ta zama hanyar da sai da takarda, abin da ake kira fatauci jiya wani lokaci ya koma fasa-ƙwauri yau. Mutanen bakin iyaka sun ɗanɗana wannan a zamaninmu, lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma lokacin da aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 2023.

Shinkafa da Su

Noman shinkafa a Kabi ya riga zuwan Turawa da nisa. Irin da aka gada shi ne jar shinkafar Afirka, wadda ake shukawa kafin ruwa ya cika, tana ƙara tsawo yayin da ruwan ke hawa, sa'an nan a girbe ta bayan ya janye. A tudu kuwa ana noma gero da dawa da wake. Da rani Fulani su gangaro da shanu fadama, masunta kuma, musamman Sarkawa, su shiga tafkunan da ruwa ya bari. Kowa da lokacinsa, kuma ruwa ɗaya ne ke ciyar da su duka.

Wannan tsari ya girgiza da aka gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, da ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984. Malalar da manoman ƙasa-ƙasa suka saba da ita ta ragu, lokacinta kuma ya daina tabbata. Manoma da yawa suka koma noman rani da injin ban ruwa da sababbin iri. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, a 2017 kuma aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu. Amma ruwa bai daina nuna ikonsa ba, domin ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar gab da girbi.

Abubuwan da Baƙi ke Zuwa Gani

Tun kafin a san da biki, Kabawa suna da al'adunsu na ruwa, irin su Gyaran Ruwa da Fashin Ruwa, inda Sarkin Ruwa ke ba da izinin fara su. Bikin da muka sani ya faro ne a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarki Muhammadu Sama ya shirya masa gagarumin su don girmamawa. Ashe ke nan asalin bikin shaidar sulhu ce tsakanin gidaje biyu da suka daɗe suna gaba.

Ranar su, dubban masunta kan yi sahu a bakin Matan Fada, kowa da homarsa da gorarsa. Da an ba da alama sai su ruga cikin ruwa, wanda ya fito da kifi mafi nauyi, galibi giwan ruwa, shi ne gwani. Akwai kuma Kabanci, watau wasannin ruwa kamar tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwar ruwa, ga dambe da kokawa da nunin amfanin gona. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su. An yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a farfaɗo da shi a 2020. Hikimar da ke ciki ita ce, ana hana su a wannan yanki na gulbin tsawon shekara, shi ya sa kifi ke samun girma.

Baƙon da ke son tarihi sai ya nufi Gidan Tarihi na Kanta, watau tsohon Gidan Nabame. Nan ne fadar sarakuna har 1942, aka mayar da shi gidan tarihi a 1958. A ciki akwai masu da takubba da kwari da baka da tambura da kayan su, kuma a nan ne ake rufe sarakunan Argungu.

Kammalawa

Mun ga yadda Kabi ta sāke hedkwata daga Surame zuwa Birnin Kebbi zuwa Argungu, kuma kowane daga cikin biranen nan yana kusa da gulbi ne. Yaƙi bai kawar da ita ba, layin Turawa ma bai kawar da ita ba. Abin da zai iya yi mata illar da waɗannan suka kasa shi ne lalacewar fadamar kanta, domin in ruwa ya ƙafe babu shinkafa, babu kifi, babu kuma abin da zai kawo baƙo Matan Fada.

Saura aikinmu mu ɗaliban Hausa. Tsofaffin da suka san sunayen tafkuna da ire-iren shinkafar gargajiya da kirarin masunta suna ta ƙarewa, a wannan gefe na iyaka da wancan. Ya kamata masu neman batun kundin digiri su ɗauki rikoda su tafi Argungu da Kamba da Gaya, su rubuta abin da ke bakinsu tun suna raye. Allah ya sa mu dace.