Kakaki da Algaita: Tarihin Kiɗan Fada

Ya kai mai karatu, in ka taɓa zuwa hawan salla a Damagaram ko a Kance, ka ji ƙarar kakaki da algaita. Ko daga nan Kurni, mutane da yawa sun sha tafiya kallo. To, waɗannan kayan busa suna da dogon tarihi. Bari mu bi shi a hankali.

Littafin tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa aka fara busa kakaki a can. Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ka ga ke nan kakaki ya haura shekara 500 a ƙasar Hausa. Da tagulla ake ƙera shi. Daga baya maƙera suka riƙa yin sa da gwangwanin kananzir. Tsawonsa ya wuce mita 2, kuma gaɓa-gaɓa ne, ana haɗawa ana rabawa. Murya biyu gare shi, amma da su mabushi yake kiran kirarin sarki. A da, ba a busa wa talaka kakaki, komai dukiyarsa.

Ita algaita, sunanta daga Larabci ya fito. Jikinta itace ne da aka rufe da fata, bakinta kuma ɗan kara ne. Ka lura da kumatun mai algaita? Iska yake tarawa a ciki. Yana shaƙa ta hanci, yana busawa ta baki a lokaci guda. Shi ya sa muryarta ba ta yankewa. Sai yaro ya yi shekaru wajen ubansa kafin ya iya wannan.

Akwai kuma tambari, babbar gangar sarauta, wanda ake bugawa ranar naɗin sarki. Akwai farai na itace, da ƙaho na gwanki. A fadoji da yawa, kowane daren Juma'a makaɗa suna taruwa a ƙofar fada su yi kiɗa. Wannan shi ake kira sara.

Bayan jihadin 1804, Damagaram ba ta shiga ƙarƙashin Sakkwato ba. Da Barno take da dangantaka, kuma Barno gidan algaita ce. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, fadar Damagaram ta ƙasaita ƙwarai. Faransawa sun ci garin a 1899, amma kiɗan fada bai mutu ba.

Dubi abin da ya faru a Turai. Suna da manyan masu tsara kiɗa na da, irin su Haydn da Mozart, wanda ya rasu a 1791. Da tafiya ta yi nisa, aka canza kayan kiɗansu. Tsirkiyar hanjin tumaki ta koma ta ƙarfe, murya ta sake. A 1953 wani makaɗi, Nikolaus Harnoncourt, ya kafa ƙungiya a birnin Biyana don a koma wa tsofaffin kayan. Sai da suka bi gidajen tarihi da tsofaffin littattafai, domin masu hannu sun daɗe da ƙarewa.

Mu ma mun kusa ganin irin haka a Nijar. Biram, molon Buduma na tafkin Cadi mai tsirkiya 5, saura kaɗan ya ɓace. A 2002 Malam Maman Barka ya tafi wajen tsohon gwani Bukar Tar ya koya. Da ya makara, da shi ke nan.

Yau a biki, lasifika da fiyano sun yi yawa, 'ya'yan makaɗa kuwa suna barin sana'ar gado. Amma har yanzu gwanaye suna raye a cikinmu. In za ka yi suna ko aure, gayyaci mai algaita, ka sallame shi da kyau. In ɗansa ya ga sana'ar tana ciyar da gida, zai zauna ya koya.