Sararin Sama a Hotunan Ƙasar Damagaram

Tun sa'ad da tawagar Faransawa ta Foureau da Lamy ta iso Zinder a 1899 ɗauke da na'urar hoto, masu ɗaukar hoton fili a Damagaram suke fama da matsala guda, wato hasken sama ya fi na ƙasa nesa ba kusa ba. Gilasan da ake ɗaukar hoto a kansu a wancan zamani sun fi jin launin shuɗi, shi ya sa sama kan fito fari fat, alhali wuri mai inuwa irin lambunan Mirriya kan yi baƙi ƙirin. A ɗakin duhu, inda ake wanke hoto, gwani kan kare ɓangaren ƙasa da tafin hannu ko guntun kwali, ya bar haske ya daɗe a ɓangaren sama har gajimare ya bayyana.

Wannan dabarar ce manhajar Lightroom ta sauƙaƙa a kwamfuta a 2008, inda ake jawo duhu daga sama yana raguwa sannu a hankali. Sai dai da hunturu, lokacin da hazo ke lulluɓe duwatsun unguwar Birni a Zinder, wanda ya cika duhun ya ɓata gaskiyar hoton.