Yadda Gwajin Sankarar Bakin Mahaifa Ya Iso Ƙaramin Asibiti

Sankarar bakin mahaifa tana cikin cututtukan daji ƙalilan da ake iya tarewa tun ba su kama jiki ba. Tana ɗaukar shekara 10 zuwa 20 tana tsira a ɓoye, ba zafi ba jini, kuma a wannan tsakanin ne magani yake da sauƙi. Duk da haka, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2020 mata wajen 12,000 ne suka kamu da ita a Nijeriya, kusan 8,000 suka rasu. Yawancinsu sai ciwo ya ci ƙarfinsu suke isa asibiti.

Likita George Papanicolaou, Bagirike mai aiki a Amurka, ya bayyana a 1928 cewa idan aka ɗebo ɗan ruwan al'aurar mace aka duba a madubin likita, za a ga ƙwayoyin halitta da suka fara lalacewa. Ba a saurare shi ba sai bayan littafin da suka fitar shi da Herbert Traut a 1943. Amma gano dabara daban, kai ta ga mata daban. A Ingila an daɗe ana gwajin ba tare da mace-macen sun ragu sosai ba, sai a 1988 da aka fara aika wa kowace mace takardar gayyata ta hanyar rajistar likitan unguwarsu. Daga nan ne aka ga canji na gaske, domin an danƙa aikin a hannun likitan da mace take fara gani.

Wannan tsari bai dace da ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba. Yana buƙatar ɗakin gwaji, da ƙwararren da zai karanta sakamako, da matar da za ta dawo bayan makonni. A Nijeriya an fara rajistar masu ciwon daji a Ibadan tun 1960, amma gwajin ya tsaya a manyan asibitocin koyarwa, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ya koma Shika a 2005. Matar karkara ba ta zuwa can sai an ɗauko ta.

Mafita ta fito ne daga abu mai araha. Idan aka shafa ruwan khal mai rauni a bakin mahaifa aka jira minti ɗaya, wurin da ya fara lalacewa yakan yi fari, a gan shi da ido da hasken tocila. Wani bincike da aka yi a Zimbabuwe, aka buga a 1999, ya nuna cewa ma'aikatan jinya da ungozomomi za su iya wannan aiki. A Mumbai ta ƙasar Indiya aka gwada shi kan mata kimanin 150,000 tun daga 1998, kuma waɗanda suka yi duban ba likitoci ba ne, matan unguwa ne da aka horar. Sakamakon da aka bayyana a 2013 ya nuna mace-mace sun ragu da kashi 31 cikin ɗari. Gwajin yana da rauninsa, domin yakan nuna fari a inda babu cuta, kuma ingancinsa ya dogara ga idon mai dubawa. Amma mace tana jin sakamako kafin ta tashi daga gadon awo, kuma ana iya ƙone wurin da ƙaramar na'ura a ranar. Ga wadda sai ta nemi izini da kuɗin mota kafin ta fito, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A wani ɓangaren kuma, Harald zur Hausen na Jamus ya gano a 1983 da 1984 nau'o'i biyu na ƙwayar cutar HPV da ke haddasa yawancin wannan sankara, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2008. Daga nan aka samu riga-kafi, aka kuma samu gwajin da ke neman ƙwayar cutar kanta, wanda mace za ta iya ɗaukar samfurinsa da hannunta. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin cewa kafin 2030 a yi wa kashi 90 na 'yan mata riga-kafi, a gwada kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da cutar magani. Nijeriya ta fara allurar a Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, Jihar Kaduna ta shiga a zagaye na biyu a Mayun 2024.

Tushen da za a ɗora wannan aiki a kansa shi ne ƙananan asibitocin da aka faɗaɗa zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. A ƙauyukan dajin Birnin Gwari da ke Jihar Kaduna, shekarun ta'addancin 'yan bindiga sun raunana wannan tushe: jama'a sun yi hijira, ma'aikata sun ƙaurace, hanyar Birnin Gwari zuwa Kaduna mai tsawon fiye da kilomita 100 ta zama abin tsoro. Sulhun da gwamnatin jiha ta ƙulla da 'yan bindigar a ƙarshen 2024 ya sa an sake buɗe kasuwar shanu, motoci suka koma bin hanya. Allurar riga-kafi tana kare 'yan mata ne kawai, iyayensu mata kuwa gwaji suke buƙata. Wadda aka ga alamar farko a jikinta ana iya yi mata magani a kusa, wadda ciwonta ya yi nisa kuma dole a tura ta Kaduna ko Shika, inda ake tiyata da gashi.